Kullum Saba'in da Ɗaya

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Sistar ɓangaren zuciya ce ta ba ni wannan littafi, ta ce kullum da safe in hau sikeli in rubuta nauyina, don in ruwa ya fara taruwa a jikina a gane da wuri. Shafi ɗari biyu saboda lamba ɗaya a rana. Na ga asara ce, sai na juya shi na fara rubuta nawa ta baya. Ni da na bar makaranta a aji huɗu saboda mun kasa fahimtar juna da malamin lissafi, yau ga ni da littafi da biro har da tabarau. Da yana raye da ya nemi gafarata.

Yau kilo saba'in da ɗaya.

Abin da aka ce yana damuna shi ne bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar zuciyata ba ya rufuwa, yoyo yake. Zuciya ta tura jini, wani ya dawo mata, ta sake turawa. Ashe baiwar Allah ta daɗe tana aikin mutum biyu ba ta kai ƙara ba. Buɗe ƙirji kuma an ce ba da ni ba, huhuna ba zai ɗauka ba. Shekara talatin da huɗu ina fesa wa motoci fenti da tsumma a hanci. Na gaya wa likita in ya duba hoton da kyau zai ga kowace kala a ciki.

Saura hanya ɗaya. A zura siririn tiyo ta jijiyar gindin cinya, a tura sabon bawul a naɗe har zuciya, a buɗe shi cikin tsohon. Jibi za su gan ni su yanke ko lokacin yi ya yi.

Talata, bayan la'asar

Ciwon nan yana sa kaina ɗan gyaɗawa da kowane bugun zuciya. Matata, wadda nake kira Hukuma, ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa ganin na yarda da maganarta haka ba.

'Yata ta fari ta iso ɗazu. Malamar makaranta ce a wani gari, ta ɗauki hutu ta bar wa mijinta yara biyu. Tun tana ƙarama nake ce mata Sufeto, don ba ta taɓa karɓar amsar farko. Tana ajiye jaka ta tambayi me kujerar falo take yi a ɗakina. Na ce kujerar ce ta nemi canjin wurin aiki.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Na ci jarrabawa. Karo na farko a tarihi.

Da aka kusa kiran mu na tuna na bar tabarau a wurin karɓar kati, na aiki Sufeto. Wurin yana can ƙasa, hawa uku. Tabarau na aljihuna.

Likitoci biyu ne, wani dogo mai furfura da wata yarinya da ba ta kai Sufeto ba, wadda aka ce ita ce gwanar tiyon. Dogon ya tambaye ni matashi nawa nake kwana a kai. Na ce ɗaya, shi ma in Hukuma ba ta ƙwace ba. Ya ce ina hawa bene? Na ce in akwai abinci a sama. Ya ce numfashi yana tashe ni daga barci? Na ce minsharin maƙwabci dai. Ya yi dariya har ya cire gilashi. Yarinyar ba ta yi ba, ƙafafuna take kallo, ni kuma na sa dogon wando da safa.

Sannan aka ce in yi tafiyar minti shida a baranda, Sista na biye da agogo. Sau uku na tsaya. Na farko na gaida wani tsoho a keken marasa lafiya, na biyu na nuna wa Sista inda fentin bangonsu ya kumbura, na uku na ba ta labarin ranar da na fesa wa kaina kore. Kowanne ya ba ni abin da nake bukata. Na ga ta rubuta cewa na tsaya hira.

Dogon ya ce aikin tiyo ba wasa ba ne. Bawul mai yoyo laushi gare shi, ba shi da taurin da sabon zai kama, sai an sa irin wanda ke maƙale wa tsohon kamar abin maƙale shanya a igiya. Yana iya zamewa, jini na iya daskarewa ya tafi kai. Tunda ina rayuwata lafiya, ya ce, a ci gaba da magani, in dawo bayan wata shida.

Sufeto ta dawo tana haki ta tarar an gama. Ita ce ma mai haki, ba ni ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Saba'in da biyu. A gaban littafi na rubuta saba'in da ɗaya, don na sha ruwa da yawa jiya, bai kamata a ɗora wa zuciya laifin randa ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Sufeto ba ta yarda da wata shida ba. Ta ce me na gaya musu. Na ce gaskiya, da ɗan gishiri. Ta ce ai gishirin aka hana ni.

Ta so ta koma ta same su, na ce 'yar aji huɗu ba za ta koya wa likita aiki ba. Ta ce ni ne ɗan aji huɗu, ita koyar da aji huɗu take yi. Na bar ta ta ci wannan.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Saba'in da uku. Sikelin nan tsoho ne.

Lahadi, da hantsi

Takalmina ya matse. Na yanke bayansa da reza na mai da shi silifa, ya ma fi kyau.

Yayana ya shiga asibitin nan da ƙafarsa shekara tara da suka wuce, bai dawo gida ba. Ba zancensa nake yi ba, takalmin ne ya tuna min, don irin nasa ne.

Lafiya lau nake.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Saba'in da huɗu da rabi. Gaba kuma saba'in da ɗaya. Rubutun gaban nan ya yi kyau, layi ɗaya reras. Duk wanda ya san aikina ya san haka muke yi: a cike rami, a goge, a fesa, mai mota ya zo ya ce sabuwa ce. Ban taɓa samun wanda ya leƙa ƙasa ba.

Hukuma ta daina tambayata dalilin kujera. Ta dai ƙara min matashi a baya, ta sa akwati a ƙarƙashin ƙafata. Na fi son faɗanta.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Saba'in da shida. Zan leƙa gareji yau. Zama a gida shi ke kumbura mutum.

Asabar, bayan azahar

Ina asibiti, gado na uku daga taga. Abincinsu ba gishiri, ba mai, ba niyya.

Abin da ya faru a gareji ba wani abu ba ne, zafi ne.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

An sa min roba a hanci, ana ta yi min allurar fitsari. Tun jiya na cika kwalba huɗu, Sista na aunawa tana rubutawa kamar ina haƙo mai.

Mai Walda ya zo dubiya. Rumfarsa na jikin tawa shekara ashirin, bai taɓa zama wuri ɗaya shiru ba, amma yau ya zauna yana murza hula. Na ce ya ba ni labarin gareji. Ya ce ba labari. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce in yafe musu, wallahi sun ɗauka cikin wasan ne.

Na ce ya je ya ci abinci.

Lahadi, bayan la'asar

To bari in rubuta, tunda a bayan littafi ne.

Akwai labarin da nake ba su, na wani mai mota da ya ce a yi masa ruwan toka aka yi masa ruwan hoda, da ya gani ya sume. Na ba da shi ya fi sau ɗari, kuma kullum a ƙarshe nakan kama ƙirji in zube a kan tsohuwar kujerar mota da muke zama a kai. Ranar Laraba na kai wurin kama ƙirji. Daga nan ban san komai ba.

Sufeto ta ji sauran daga bakinsu. Wai na wuce kujerar na faɗi a ƙasa, suka fashe da dariya har da tafi. Mai Walda ya ce yau Mai Fenti ya fi kullum iyawa. Wani ya je ya kira mai shayi ya zo ya gani. Sai da dariya ta ƙare ban tashi ba, sannan aka juya ni aka ga leɓena ya yi baƙi.

Na tambaye ta minti nawa. Ta ce ba wanda ya duba agogo, dariya suke yi.

Ba laifinsu. Ni na koya musu.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Likitocin biyu sun zo zagaye, Hukuma da Sufeto na tsaye. Yarinyar ta ce a ba ta littafin awo. Ta buɗe gaba ta ga saba'in da ɗaya sun yi sahu, ta dubi takardar ranar da aka kawo ni, saba'in da bakwai. Ta miƙa wa dogon. Dogon ya ja kujera ya sake tambayar matashi nawa nake kwana a kai.

Na buɗe baki, kuma wallahi amsa mai kyau ce ta zo min, da ta kashe shi da dariya. Sai Hukuma ta yi magana, ita da ba ta magana gaban baƙi.

"Malam, in ka ba shi dariya yau, ni ce zan koma gida ni kaɗai."

Na haɗiye amsar. Ta fi allura zafi.

Na ce wata biyar ban kwanta ba, a zaune nake kwana. Na ce daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sau biyu nake hutawa. Na ce a barandarsu ba hira na tsaya yi ba. Na ce littafin ƙarya ne daga Alhamis ta farko, gaskiyar na baya, amma kada a karanta sauran. Dogon ya tambayi dalili. Na ce yayana ya shigo nan da ƙafarsa. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ya ce da sun san haka tun ranar farko, da an fara shiri ina da sauran ƙarfi. Yanzu zuciyar ta ƙara gajiya, ƙoda ma ta ji jiki. Sai an janye ruwan, ƙoda ta farfaɗo, sannan a ɗauki hoton da za a auna ko akwai bawul daidai da nawa, ko jijiyar cinyata za ta bar tiyo ya wuce. In ɗaya ya ƙi, babu aiki.

Baki shi ke yanka wuya, an faɗa tun ban zo duniya ba. Ban san har da na mai ban dariya ba.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Saba'in da huɗu. Gaba da baya.

Laraba, da yamma

Sufeto tana zuwa da safe, ta gyara min gado, ta karanta takardun da ke rataye, ta yi wa Sista tambayoyi. Ni ba ta yi min. In na yi magana sai ta dubi uwarta, kamar ana bukatar tafinta.

Na ce mata ƙuda ya zauna a kan abincina ya ɗanɗana ya tashi ya bar min saƙon jaje. Ko murmushi.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Saba'in da biyu. Na ga ƙashin idon sawuna yau, mun gaisa, an daɗe ba a haɗu ba.

Asabar, bayan azahar

An saka ni cikin injin hoto mai kama da bakin tanki. An ce in riƙe numfashi. Na ce wanne? Mai injin ya yi dariya, ni kuma na yi sauri na ƙara da cewa da gaske nake, ba zan iya daɗewa ba. Ya ce to za su yi a gajarce. Ashe haka abin yake da sauƙi.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Tun safe nake jiran sakamako. Na ƙirga ramukan silin, na gyara wa na gado na biyu rediyonsa, na lalata shi.

Za a samu. Jijiyar mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu a tsaye ba za ta zama lungu ba.

Litinin, ƙarfe biyar

Yarinyar ta zo da kanta. Ta ce jijiyar hagu ta yi ƙunci, ta dama za ta yi. Bakin bawul ɗina yana da faɗi, ya kusa wuce girman da suke da shi, amma bai wuce ba. Alhamis da safe.

Ta zauna ta zana min a takarda yadda ƙafafun sabon za su kama leɓen tsohon. Ta sake lissafa abin da zai iya faruwa, ba ta rage ko ɗaya ba. Na tambaye ta sau nawa ta yi irin wannan, ta faɗa. Na ce sau nawa ya ƙi, ta faɗa. Na sa hannu. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma ban gaya mata ba, kada ta ce na kira ta kare.

Laraba, bayan la'asar

An aske ni a inda ban taɓa zaton wani zai kai reza ba. Mutunci dai sai a lahira.

Hukuma ta kawo min hular da nake so. Na gaya mata inda makullin rumfa yake da wanda za a ba injin fesa. Ta ce in ajiye zancena, ni zan buɗe rumfata. Na ce ai shi ya sa na gaya mata, kada in manta.

Ba na jin tsoro. Hannuna ne kawai yake rubutu a karkace.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Ga ni.

Ba su sa ni barci duka ba, sun dai kashe wurin sun ba ni abin da ya sa duniya ta yi nisa. Ɗakin sanyi, ga talabijin manya a sama, kowa sanye da riga mai nauyi. Na ji ana taɓa cinyata, ban ji tafiyar tiyon ba ko kaɗan. Abu ya ratsa mutum tun daga cinya har zuciya bai ko yi sallama ba. Can yarinyar ta ce, "Baba, yanzu zuciyarka za ta yi gudu na ɗan lokaci, kada ka motsa, kada ka yi magana." Sai ƙirjina ya ɗauka kamar injin da aka taka wa mai ba giya, idona ya yi duhu. Na yi salati a zuci. Sannan ya lafa. Duk suna kallon talabijin. Na ji dogon ya ce bawul ya zauna.

Awa shida aka ce in kwanta a miƙe kada in lanƙwasa ƙafa. Na yi barci a kwance, Hukuma ta ce har da minshari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shiru ne. Ashe shekaru ina jin bugun nan a kunne da wuya, na ɗauka haka kowa yake.

Lahadi, da hantsi

Sun ce bugun yana ɗan tsallake, suna kallo. In bai daidaita ba sai an dasa min ƙaramin batir a ƙirji. Sista ta tambaye ni ko ina jin jiri. Na ce sau ɗaya, da na tashi zama, kuma cinyata na zafi. Ta rubuta. Sufeto na gefe, ta ɗago kai ta dube ni, ta mayar.

Talata, ƙarfe sha biyu

Ba batir. An sallame ni da jakar magani da jerin dokoki: kada in ɗaga abu mai nauyi, kada in shaƙi fenti har abada. Huhu dai yana nan yadda na mai da shi, wannan ba su da tiyonsa. An ce akwai ɗan yoyo kaɗan a gefe, za a riƙa dubawa.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Sittin da tara da rabi. Ashe ko saba'in da ɗayan ma da ruwa a ciki.

Litinin, bayan azahar

Shugaban makarantar su Sufeto ya kira sau biyu, ƙaramin ɗanta kuma yana kuka a waya. Jakarta kwana uku a ɗaure a bakin ƙofa, ta kasa ɗauka.

Yau ta shigo ɗakina ta tsaya. Ta ce, "Baba, in tafi?"

Na zauna sosai na ba ta rahoto. Na ce jiya na je bakin titi na dawo, na huta sau ɗaya. Cinya na ciwo in na daɗe a zaune. Ba jiri. Tsoro yana zuwa wani lokaci, in na ji shirun ya yi yawa. Na ce ta tafi, yaranta na bukatarta. Ban sa gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, ban taɓa yin magana mai tsabta irin wannan ba.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta leƙa tsakar gida ta ce, "Umma, in tafi?"

Hukuma na wanke kofuna, ba ta ko juyo ba. Ta ce jiya na yi mata faɗa a kan an matsar min da rediyo, tun daga farko har ƙarshe ban tsaya shan iska ba, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ta ce ta tafi abinta.

Sufeto ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta durƙusa ta yi min sallama, na sa mata albarka. Ta ce za ta riƙa kira kullum da safe ta ji lambar sikeli. Na ce wayata na hannuna ko yaushe.

Ta ce ta uwarta za ta kira.